Alu Mai Kekuna da Keken Surukinsa

Duk wanda ya ci kasuwar Dutsin-Ma a shekarun da suka biyo bayan canjin kuɗi daga fam zuwa naira, in dai a kan keke ya zo, to ya san Alu. Ba wani babban mutum ba ne, Allah ya jiƙansa. Gajere ne mai ƙaramar murya, ga wata taguwa shuɗiya da yake sawa kowace ranar kasuwa, an yi mata maho a kafaɗa da ƙyallen da ba nata ba. Sana'arsa ajiyar kekuna. A gindin wata tsamiya yake zama, bayan rumfunan masu hatsi. Ya kafa 'yan turaka ya zagaye su da igiyar rama, ya bar ƙofa ɗaya, shi kuma ya shimfiɗa buhu a bakinta.

Asalinsa mutumin Makera ne. Gonar da ya gada jigawa ce, shekarar babban fari kuwa ko karan danni ba ta yi ba, sai ya shigo gari da matarsa Turai, ɗiyar Malam Ummaru na Tamawa. Ya gwada dako, ƙirjinsa bai ɗauka ba. Yana hutawa ne a gindin tsamiyar nan wata rana, wani ya jingine keke kusa da shi ya ce ya sa masa ido, zai shiga ya sayo gishiri. Kafin mai gishiri ya fito wani ya jingine nasa. Da haka abin ya zama sana'a, ba tare da ya zauna ya shirya mata ba. Da kekunan suka yi yawa, Sarkin Kasuwa Dalhatu ya zo ya duba, ya ce ya zauna, amma ya sani wurin na kasuwa ne, aro aka ba shi.

Alu ba ya rubutu, ba ya kuma ba da lamba. Ido ne jarinsa. In mutum ya turo keke, sai ya dube shi ya dubi keken, shi ke nan ya haɗa su. Da la'asar, tun mutum yana nesa cikin taro da ƙunshin kaya a ka, Alu ya riga ya zaro masa nasa daga layi ya juyo da kansa waje. Mutanen Tamawa da na Ɗantutture da na can wajen Kurfi suna zuwa su ajiye su shige ba waiwaye. Abin da suke ba shi ba yawa, wani ma goro ne ko ɗan curin fura, amma da shi ake hura wuta a gidansa.

Maƙwabcinsa a wurin shi ne Kefas mai gyaran kekuna, Kirista daga kudancin Zariya, wanda ya daɗe a garin har bakinsa ya soma juyewa. Yana da famfo da kwanon ruwa na neman huji da wani akwati cike da sifana. Suna shiri sosai. In Alu zai tafi sallar azahar, Kefas ke zama a bakin igiya, ya hana shiga ya hana fita har ya dawo.

Ciwon idon bai zo da zafi ba. Da fari fuskokin da ke nesa ne suka soma narkewa, kamar an shafe su da ruwan koko. Ya sa kwalli, Turai ta nemo masa wani magani na ɗigawa, bai ga canji ba. Da tafiya ta yi tafiya, mutum sai ya zo dab da shi kafin ya gane shi. Daga baya ko ya zo dab ɗin, tsawo da launin riga kawai yake gani. Bai gaya wa kowa ba sai Turai. Ya san mutane ba za su bar dukiyarsu a hannun wanda ba ya gani ba, ya kuma san akwai masu son inuwar tsamiyar nan. In aka tashe shi, ba gonar komawa, ba ƙirjin dako.

Sai ya fito da wata dabara. Ya ce daga yanzu duk wanda ya kawo keke ya raɗa masa kalma ɗaya a kunne, in ya dawo ya maimaita ta. Ya ce wai kekuna ne suka yi yawa. Kekunan dai ya san su da hannu. Wannan an rufe sirdinsa da buzu, wancan ƙararrawarsa ta tsinke an ɗaure da waya, wancan kuma kariyarsa ta ɗora kaya ta lanƙwashe saboda ɗaukar dawa. Sai ya riƙa liƙa kowace kalma a jikin kekenta, cikin ransa.

Abin da bai lissafa ba shi ne mutanen da yake hulɗa da su. Ba su saba da raɗa ba, kuma ba sa ganin dalilin ɓoye wa ɗan'uwa magana. Rabin mutanen Ɗantutture Bismillahi suka zaɓa, don ba sa son su fara wani abu da wata kalmar. Saura kuwa daga gero sai dawa. Wani tun daga bakin hanya zai ɗaga murya, “Alu, tawa ta wancan makon ce, gero, kada ka manta.” Wani ya zaɓi kalma mai wuya don ya nuna shi ya je makarantar allo mai nisa, kafin la'asar ta gudu daga kansa, ya tsaya yana huci.

“Yanzu kai Alu, ni ne ba ka sani ba? Wanzami guda ya yi mana kaciya.”

“Na san ka, Malam. Kalmar dai.”

“To na manta. Sai ka yanka ni.”

Kefas yana jin su yana goga faci, ya ce, “Ni da ba ni da keke a nan na haddace ta kowa. In kuna so in riƙa tuna muku, sai ku riƙa ba ni goro.”

A lokacin ana aikin dam, garin ya cika da baƙi ma'aikata. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai fara'a da ake kira Ernest, ya zo sanye da farar riga, da sabon keke, ko takardar da aka naɗe ƙarfensa da ita bai gama ɓarewa ba. Alu ya kawo kunne. Ernest bai sunkuyo ba.

“Tawa Mabel ce,” in ji shi, yana dariya, kowa na ji. “Sunan madam. In na manta wannan, babu abinci a gida.”

Aka yi dariya, ya shige. Bayan azahar wani dogo da farar riga ya zo ya sunkuyo cikin ladabi ya faɗi sunan. Alu ya ga tsawo ya ga fari, ya zaro keken ya miƙa. Da la'asar Ernest ya zo da ledar tumatir a hannu, ya faɗi sunan matarsa, yana murmushi.

Ba a ga keken ba har yau. Alu ya sayar da ragon da yake turke da shi don layya, ya haɗa da gyaɗar Turai, aka sallami Ernest, wanda bai yi rigima ba, kansa kawai yake kaɗawa. Sarkin Kasuwa ya kira Alu rumfarsa. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma ba ya maimaita magana.

“Sau guda kuskure ne,” ya ce. “In wani keken ya sake fita ta hannunka zuwa hannun da ba nashi ba, ba sai na aiko ba. Ka kwance igiyarka.”

“Ranka shi daɗe, na ji.”

Mafitar daga tsakar gida ta zo. Wata safiya ƙwaryar da Turai take tankaɗe a ciki ta suɓuce ta faɗi a kan turmi. Ta tattara gutsattsarin ta zube a gabansa, ta ce ya duba mata ko gyartai zai iya ɗinke ta. Dubawa da ido ba ta samuwa, sai ya bi su da yatsu. Ya ɗauki wannan ya kara da wancan, suka ƙi. Ya sake wani, ya ƙi. Can sai biyu suka zauna da juna, har in ya bi gaɓar da babban yatsa da ƙyar yake jin tsagar. Ya raba su, ya sake haɗawa. Ya daɗe yana yi. Turai ta ce, “Malam, ƙwarya ta ɗinku ko in haƙura?” Ya ce ta haƙura, amma kada ta zubar.

Ranar kasuwa ya zo da buhu cike da sakaina. Ya bi masu fura da Fulani masu nono ya roƙi duk wata fasasshiyar ƙwarya da suka gaji da ita. In mutum ya kawo keke, sai ya zaro sakaina ɗaya mai faɗin tafin hannu, ya ɓalla ta biyu a gabansa. Da hannu yake ɓallawa, ba da wuƙa ba, don yankan wuƙa a miƙe yake, kowa zai iya yanko irinsa. Ɓari ɗaya ya huda shi da basilla ya ɗaure a kan keken, ɗayan ya miƙa wa mai shi. Ba kalma, ba suna, ba tambaya. Da yamma a kawo masa ɓarin, ya kara da na jikin keke, ya bi da yatsa. In suka zauna, keke ya fita. Daga nan ya jefa duka biyun a wani buhu daban, a kai gida Turai ta hura wuta da su, don ba ya maimaita sakaina.

Wanda ba zai iya dawowa da kansa ba, sai ya ba wanda ya yarda da shi ɓarin, Alu bai damu da ko wane ne ba. Wanda kuwa ya yar da nasa, hukuncinsa zama. Zai zauna a gindin tsamiya har kasuwa ta watse, kowa ya kwashe nasa, keken da ya rage shi ne nasa, shi ma sai mutanen garinsu sun tsaya masa. Wanda ya taɓa yin wannan zaman sau ɗaya, da rana tana faɗuwa ga tafiyar Kurfi a gabansa, ba ya sake yarwa. Wasu a hula suke sawa, wasu a bakin zariya, wani tsoho kuma a cikin kumatu kamar goro.

An yi masa dariya da farko. Aka daina ce masa Alu mai kekuna aka koma Alu mai sakaina. Amma damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ko famfon keke bai ɓace ba. Mutane suka ma fi son haka, don ba abin da za su riƙe a ka. Masu shaguna biyu a cikin gari suka ɗauki dabarar don ajiyar kayan fatake.

Kefas ne kaɗai ya gane abin da ke ƙarƙashi. Wata rana da hantsi, ba kowa kusa, ya ce ba tare da ya ɗago daga tayar da yake ɗaurewa ba, “Malam Alu, tun yaushe?”

“Tun yaushe mi?”

“Ɗazu na miƙo maka hannu mu gaisa, ka bar ni da shi a iska kamar mai roƙon ruwa.”

Kefas ya ce akwai asibitin ido a Kano, an kai wata gwaggonsa ta dawo tana zura zare a allura. Alu ya ce in ya tafi Kano wa zai zauna a bakin igiya, kuma mi zai ce ya kai shi. Kefas ya ce to, shi dai bai ji komai ba, bai ga komai ba. Ya ƙara da cewa a wannan fannin sun zama ɗaya. Alu ya yi 'yar dariya, maganar ta tsaya nan.

Keke ɗaya ne tak a wurin da ba a taɓa ɗaura wa sakaina ba. Na Malam Ummaru ne, uban Turai.

Dattijo ne dogo, mai farin gemu, ba ya fashin kasuwa. Tun da aka ɗaura auren, Alu bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba ko a lokacin da idon yake aiki. Da ya ji kukan birkinsa da gyaran muryarsa, zai zare takalmi ya durƙusa, kansa a ƙasa, “Baba, an zo lahiya? Ya mutanen gida?” Dattijon ya amsa a taƙaice, yana duban wani wajen, ya jingine keken da kansa a jikin tsamiya ya wuce. Da wane hannu Alu zai miƙa wa mutumin da ya ba shi ɗiya fasasshiyar ƙwarya, ya ce riƙe wannan don in shaida ka? Bai ma kawo abin a ransa a matsayin abin da zai yiwu ba.

Shi ma dattijon ba zai zo ya tsaya a gaban mijin ɗiyarsa yana jiran a miƙo masa abu ba. In ya gama cin kasuwa, sai ya zauna a rumfar masu goro ya aiki duk wani ɗan Tamawa da ke kusa. Yau wannan, wani makon wancan. Ɗan aike ya zo ya ce, “Baba ya ce a ba ni kekenshi,” Alu ya miƙe da sauri, ya goge sirdin da hannun riga, ya miƙa. Duk wanda ya taɓa zama a gindin tsamiyar nan ya ji wannan maganar, ya kuma ga abin da take buɗewa.

Kefas ya taɓa cewa, “Keken Baba fa tsirara yake yini a nan.”

“Wa zai taɓa keken Baba?”

“Wanda ba surukinsa ba ne.”

Alu ya ce Allah ya tsare. Kefas ya ce amin.

Wata ranar kasuwa bayan kaka, lokacin da cinkoso ya fi yawa, wani ya zo da la'asar sakaliya ya yi sallama da harshen mutanen Tamawa, ya ce Baba ya ce a ba shi kekensa. Kefas yana can ƙarƙashin wani amalanke yana fama da gatarin ƙafafunsa. Alu ya goge sirdi ya miƙa, ya ce a gaida Baba. Ba a jima ba wani ya zo, muryar da ya sani, ƙanen maƙwabcin dattijon.

“Baba ya ce a ba ni kekenshi.”

“Ai an karɓa.”

“Wa ya karɓa? Ni kaɗai ya aiko.”

Alu ya tsaya da hannunsa a kan igiya. Magana ta ɓarke tsakanin mutanen da ke jiran a kara musu sakaina, ta shiga kasuwa rumfa rumfa. Malam Ummaru bai zo gindin tsamiyar ba. An ce da labarin ya same shi ya ce Allah ya maida alheri, ya tashi ya hau motar da ke zuwa Kurfi.

Ranar kasuwa ta gaba, da safe, kafin Alu ya ɗaura igiya, aka ce Sarkin Kasuwa na nemansa. Rumfar cike take. Har da masu son inuwar tsamiya, sun zo da wuri sun samu wurin zama a gaba. Wani daga Tamawa ya isar da saƙon dattijon, cewa shi ba ya ƙarar kowa, kekensa ne, kuma ya yafe. Sarkin Kasuwa ya ce ya ji, Allah ya saka masa, amma shi maganar da ya yi ba ta ƙara ba ce, ta fitar keke ce.

“Alu, wanda ya karɓa, fari ne ko baƙi?”

“Ranka shi daɗe, murya dai ta matashi ce.”

“Ban tambaye ka murya ba. Tsage gare shi? Gemu fa?”

Wani daga gaba ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, ai mutumin nan ya daɗe ba ya gani. Sarkin Kasuwa ya yi nuni da hannu, wani ya taso ya tsaya a gaban Alu bai ce uffan ba.

“Wane ne wanga?”

Alu ya ɗaga kai. Inuwa ce kawai. Ya ɗan ja numfashi.

“Kefas ne. Warin sholishon faci.”

Rumfa ta ɗauki dariya. Sarkin Kasuwa bai yi ba. Ya ce, “Ashe da hanci kake tsaron dukiyar mutane.” Kefas ya koma ya zauna, kansa a sunkuye, kamar shi ne ya yi laifin.

Alu ya riga ya ga an kwance igiyar a ransa. Yana tunanin inda zai kai turakan ne, wani manomi daga Ɗantutture, wanda ya taɓa yin zaman jira har faɗuwar rana, ya nemi izinin magana. Ya ce shi ba ruwansa da idon Alu. Shi abin da ya sani, tun da aka fara sakaina yake ajiye kekensa a nan, bai taɓa rasa ko ƙusa ba, kuma ranar da ya yar da tasa, ya yi rantsuwa ya yi zagi, Alu bai ba shi ba. Ya ce a tambaya, cikin kekunan da aka ɗaura wa sakaina wanne ya taɓa ɓacewa. Aka duba juna. Babu.

Sarkin Kasuwa ya daɗe yana murza goro a hannu. Sannan ya ce, “To ashe ba idonka ke tsaron wurin ba, sakaina ce. Wanda aka sace kuwa shi ne wanda ba a ɗaura masa ita ba. Na bar wa sakaina wurin. Kai kuma ka zauna tare da ita, muddin ba keken da ya ƙetare igiyar nan ba tare da ita ba. Ko na wane ne. Ka ji ko na wane ne?”

“Na ji, ranka shi daɗe.”

“Ran da na ji an ɗauke wa wani, ko limami ne, ka tashi.”

Ya koma ya ɗaura igiyarsa. Mutane suka kawo kekuna kamar kullum. Wasu suka riƙa faɗin sunansu kafin su gaishe shi, abin da ba su saba ba, shi ne kawai ya canza.

A gida, Turai tana tsintar shinkafa a faranti, ya ce mata ko za ta je Tamawa ta yi wa Baba bayani, ko da ta bakin Inna ne.

“In ce mashi mi? Mijina bai san ka ba sai da fasasshiyar ƙwarya?”

“Ki ce umarnin Sarkin Kasuwa ne.”

“Sarkin Kasuwa ne ya ba ka aure?”

Bai sake tayar da maganar ba. Ya yi ƙoƙarin a kai wa dattijon wani keken a madadin wanda ya ɓace, aka dawo da saƙo cewa kada ya kuskura. Sai ya koma yana fatan tsohon ya haƙura da hawa keke, tunda shekaru sun ja. An kwana biyu kuwa dattijon yana zuwa kasuwa a mota, ba ya biyowa ta wajen tsamiya.

Bayan wata kakar, da aka sayar da auduga, Malam Ummaru ya sayi wani. Alu bai san kukan birkinsa ba, don sabo ne. Gyaran muryar ya ji, dab da igiya. Ya zare takalmi ya durƙusa. Suka gaisa kamar yadda suka saba. Ya ji tayar gaba ta taɓa igiyar, dattijon zai tura ya shige zuwa jikin tsamiya.

Akwai mutane a wurin, wasu da kekuna a hannu, wasu kuma sun taso daga rumfunan hatsi da suka hango farin gemun. Kefas ya ajiye famfo. Alu bai miƙe ba. Daga durƙuson ya laluba cikin buhu ya zaro sakaina. Sai da ya gwada sau biyu kafin ta ɓalle. Ya ɗora ɓarin a tafukansa biyu ya ɗaga su sama da kansa, fuskarsa tana kallon ƙasa.

Dattijon ya tsaya. Waɗanda suka gani sun ce ya dubi sakainar, ya dubi ƙeyar Alu, ya dubi layin kekunan da kowanne ke da nasa ɓarin yana lilo a ka. Hannuwan Alu suka soma sauka don gajiya, ya sake ɗaga su.

Can sai ya ji tayar ta ja da baya daga igiya. Malam Ummaru ya ce, “Allah shi yi albarka,” da muryar da yake amsa gaisuwa, ya juya keken ya tura shi cikin kasuwa.

Alu ya jima a durƙushe. Sai da na gaba a layi ya ce, “Malam Alu, ga nawa,” sannan ya miƙe, ya ɗaura wa keken mutumin ɓarin da ya ɓalla, ya miƙa masa ɗayan.

Daga ranar Malam Ummaru bai sake kawo kekensa gindin tsamiya ba, bai kuma kai shi wurin wani ba. Tura shi yake yi duk inda zai shiga, tsakanin masu tattasai da masu tukwane, feda tana kama zannuwan mata yana ba da haƙuri. In ya zauna a rumfar masu goro, sai ya kwantar da shi a gabansa ya ɗora ƙafa a kan taya. Masu wasa da shi sukan ce, “Baba, ga wurin ajiya can na surukinka,” shi kuwa ya ce hannunsa ya fi kusa. Da salla Alu yakan je Tamawa gaisuwa, Turai tana riƙe da gefen rigarsa a hanya. Ya durƙusa a zaure, a gaisa, a kawo masa fura ya ƙi sha don kunya. Ba wanda ya taɓa ambatar keke a cikinsu.

Wurin dai ya zauna a hannunsa. Idon ya ƙarasa rufewa gaba ɗaya, aikin bai ragu da komai ba, don dama yatsu ke yin sa. Bai je Kano ba. Ya kai har shekarar da aka ba Katsina jiha yana bakin igiyar, lokacin babura sun fara yawa, su kuma da makullansu suke zuwa. A damina ta gaba ya kwanta ciwon ƙirji, bai tashi ba. Kefas ne ya kwance igiyar ya naɗe ta, ya kai wa Turai tare da sauran sakainar da ke cikin buhu.